Bahagon da ke jikin bango

Ni dai abin da ya kai ni Amurka bikin kammala karatun ɗan yayata ne. Mahaifinsa ya rasu tun yana aji biyu a sakandare, uwarsa kuma ciwon ƙafa ya hana ta doguwar tafiya, sai ta ce, "Kai ne ubansa yanzu, ka je ka tsaya masa." Haka na bar shagona na Kantin Kwari a hannun yara, na biya dala 185 kuɗin neman biza, na sha layi a Abuja, Allah ya sa aka ba ni. Tafiyar ta faɗo tsakanin Ƙaramar Sallah da Babba, a watan Mayun 2025, lokacin dala tana wajen naira 1,600. Ku riƙe wannan lissafin, don shi ya hana ni jin daɗin duk abin da na saya a can.

Da asuba muka kama hanyar Zariya. Shingayen hanya suna nan yadda kuka san su: a leƙo, a ce "Alhaji, ya hanya?", direba ya ɗaga hannu, a wuce. A Kaduna na hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu, na kwana gidan wani abokin kasuwanci, washegari cikin dare muka tashi. Mun yada zango a Santambul, daga nan aka shiga tafiyar da ta haura awa 13 a sama, rana ta ƙi faɗuwa. Na rasa gane Azahar da La'asar, na dai haɗa su a zaune, Allah ya karɓa.

Jami'in shige da fice a Los Angeles bai wahalar da ni ba. Me ka zo yi, ina za ka sauka, yaushe za ka koma, shi ke nan. A wajen kaya ne aka yi ta. Yayata ta aika Agadasawa an yo mata kilishi na musamman, ta naɗe shi a takarda ninki uku, ta cusa cikin babbar rigata. Wani ɗan ƙaramin kare mai faffaɗan kunne ya zo ya zauna gaban akwatina ya ƙi tashi. Aka tambaye ni ko ina ɗauke da nama, na ce e, amma busasshe ne. Ashe busasshe da ɗanye duk ɗaya ne a dokarsu. Ina ji ina gani aka jefa shi a kwandon shara. Kuka da kuɓewa da yaji sun tsira. Yaya, in kin karanta wannan ki yi haƙuri, yaron bai ɗanɗana ko ƙyalli ba, ni na ce ya ce miki ya yi daɗi.

Unguwar da yake zaune sunanta Boyle Heights, gabas da tsakiyar birnin, a ƙetaren wani kogi da aka yi wa daɓen siminti, wanda ruwansa bai fi na Jakara da rani ba. Da rufe mini ido aka yi aka ajiye ni a wurin, da na rantse ba Amurka ba ce. Allunan shaguna da Sifaniyanci, rediyon maƙwabta da Sifaniyanci, kusan kowa ɗan asalin Meksiko. Ɗaki ɗaya yake haya a bayan gidan wani dattijo, garejin mota ne aka gyara, kuma kuɗin wata ɗaya zai kama maka gida na shekara a Naibawa har da canji. Dattijon ya haura saba'in, tsohon mai ɗinkin kujerun mota ne, matarsa ta rasu. Yaron yana ce masa Baba. Shi kuma da ya ji ana ce mini Kawu sai ya zaci sunana ke nan, har na baro garin Kawu yake kirana.

Abinci sai da lura, don ko wake za su dafa sukan sa man alade. Na tsaya a kan kifi da wata 'yar siririyar gurasar masara da suke naɗe komai a ciki. Rana ta biyu Baba ya miƙo mini kofi da wani jan abu mai sanyi, ya ce sunansa hamaika, abin sha ne na ƙasarsu, lallai in gwada. Ina kurɓa na fashe da dariya. Zoɓo ne, ba ƙari ba ragi, sai dai babu citta babu kanumfari. Na ce masa akwai yiwuwar daga Jigawa ganyen ya fito, don tirela-tirela ake lodinsa a wajenmu zuwa Legas a sa a jirgin ruwa a kai Meksiko. Bai yarda ba sai da yaron ya nuna masa a waya. Dala 4 kofi ɗaya, naira 6,400 ke nan, kuɗin da zai cika bokiti a gidan suna.

Da yamma ya ce in zo mu taka. Muka isa wani dandali da ake kira Mariachi Plaza, mai rumfar dutse a tsakiya, kyautar jihar Jalisco ta Meksiko a 1998. Makaɗa ne zaune a gefe cikin baƙaƙen kaya masu maɓallan azurfa, wannan da goge, wannan da jita, wancan da ƙaho, suna jiran mai biki. Mota ta tsaya, a leƙa, a yi ciniki, a kwashe su, tamkar yadda magina da leburori ke zaman jiran aiki a bakin titi da safe. Ina cikin kallonsu ya dafa kafaɗata ya juya ni.

Jikin wani bene na gidajen haya, daga ƙasa har sama, an zana wani mutum cikin fararen kaya masu shuɗin rubutu. Ya ɗaga ƙafa har kusan ƙirji, ya ɓoye ƙwallo a safar hannu, idanunsa kuma ba sa kallon inda zai yi jifan, sama suke kallo kamar mai roƙon ruwa.

"Kawu, ka san wannan?"

Na ce, "Shugaban ƙasarku ne?"

Ya yi dariya har da tari. Ya ce shugaban ƙasa nawa aka yi aka manta, wannan Fernando ne.

A kan benci ya ba ni labarin, yaron yana cike mini inda Turancina ya gaza. Fernando Valenzuela, an haife shi ranar 1 ga Nuwamban 1960 a Etchohuaquila, wani ƙauye a jihar Sonora da sai da aka rubuta mini sunansa na iya faɗa. Shi ne auta cikin 'ya'ya 12 na wani ƙaramin manomi. Wani mai farautar 'yan wasa, Mike Brito, ya je Meksiko kallon wani yaro daban, sai idonsa ya faɗa kan wannan ɗan lukutin mai jifa da hagu. A 1979 Dodgers, ƙungiyar wasan besbol ta Los Angeles, ta saye shi kan dala 120,000. Suka ga hannunsa ba shi da tsananin gudu, sai suka sa wani ɗan wasansu, Bobby Castillo, ya koya masa wani murɗaɗɗen jifa da mafi yawan masu jifa ke gudu saboda yana cin hannu.

Da aka zo nan sai Baba ya tashi, ya sayo lemu wajen mai kura, ya ce bari ya nuna mini. Ya wurgo mini, na cafe. Ya yi tsaye yana kallon hannuna.

"Kai ma bahago ne!"

Na yi saurin mayar da lemun dama, abin da na saba tun ina yaro. Ni da na sha bulala a makarantar allo a kan hannun nan, kakata har ɗaure mini shi ta taɓa yi da ɗankwali lokacin cin tuwo. Yanzu da dama nake ci, da dama nake gaisawa, amma awon yadi da riƙe almakashi har gobe da hagu nake yi, kuma har gobe akwai mai sayen da zai ce, "Alhaji, ashe bahago ne." Baba ya mayar da lemun hagu da kansa. Ya jera mini manuniya da ɗan tsakiya a samansa, babban yatsa a ƙasa, ya ce in zan saki in murɗa wuyan hannu ciki, tafin hannu ya ƙare yana kallon waje, kamar mai zubar da ruwan kwano ta baibai. Na gwada sau ɗaya na ji gwiwar hannuna ta amsa. Ya ce to haka ƙwallon ke tahowa kamar za ta shigo jikin mai duka, sai ta zame ta yi ƙasa ta guje masa. Ya ce a nan bahago kuɗi ne, iyaye murna suke yi. Ban ce komai ba, na ɓare lemun muka shanye.

Ranar buɗe kakar wasa ta 1981 wanda zai yi jifan, Jerry Reuss, ya ji ciwo a ƙafa, aka tura yaron nan ɗan shekara 20 da ko Turanci ba ya ji. 'Yan Houston ba su ci ko ɗaya ba, aka tashi 2 da nema. Ya cinye wasanninsa takwas na farko a jere, a biyar daga ciki abokan karawa ba su samu komai ba. Ƙarshen shekara ya haɗa kyautar gwarzon sabon ɗan wasa da ta gwarzon mai jifa, abin da babu wanda ya taɓa haɗawa a shekara ɗaya kafinsa ko bayansa, ƙungiyar kuma ta doke Yankees ta New York ta ɗauki kofi. Suka sa masa El Toro, wato Bijimi. Har Fadar White House aka gayyace shi cin abinci a shekarar, lokacin da Reagan ya karɓi baƙuncin shugaban Meksiko.

Na tambaye shi wa ya yi zanen. Ya nuna ƙasa da yatsa, ya ce ɗan unguwar nan ne, Robert Vargas, a nan aka haife shi, a nan ya girma yana ganin zane a bangon kowane lungu. Ya je New York ya yi karatun zane a makarantar Pratt, ya dawo gida. Sunansa ya fara fitowa ne a tsakiyar birni, inda yakan shimfiɗa takarda a gefen titi ya durƙusa ya zana fuskar mai wucewa cikin 'yan mintuna, jama'a sun yi masa zobe. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ba ya ja wa bango layin awo, ba ya haska hoto da na'ura ya bi sawu. Ƙugiya ce ke ɗaga shi sama a cikin wani ɗan keji, da buroshi a hannu, hancinsa kusan a jikin bango, yana zana idon da ya fi kansa girma, alhali sai ka tsallaka titi kake gane ido ne. A farkon 2024 ya zana ɗan wasan Japan, Shohei Ohtani, jikin otal ɗin Miyako a unguwar Japanawa, a kan wannan titin dai, ƙetaren gada. Na Fernando kuwa a makon da ya fara shi mutumin ya rasu, ranar 22 ga Oktoban 2024, yana da shekara 63. Baba ya ce kujera ya riƙa kawowa kullum yana kallon aikin, mutane suna ta ajiye furanni ruwan ɗorawa da kyandir a gindin bangon, da ma lokacin ya zo daidai da bikinsu na tunawa da mamata, har aka buɗe shi a farkon Nuwamba.

Ni a gidan da ba a rataye hoton mutum na taso, kuma kunna wa mamaci kyandir ba hanyarmu ba ce. Amma gwaninta gwaninta ce. Na tuna mai zanen bayan gingimari a garejin unguwarmu, wanda zai fitar maka da zaki ko ɗawisu ko ɗan dambe ya naɗe hannu, da ragowar fentin mota, shi ma ba awo. Motar za ta yi Legas ta yi Agadas da zanensa, ba wanda zai tambayi sunansa. In ka cire Babban Gwani da ya gina masallacin Zariya, magina da masu zayyanar bangon da muka riƙe sunansu ba su cika hannu ba.

Washegari Baba ya ce kafin in yaba wancan bangon sai na ga wani. Muka shiga jirgin ƙasa na cikin gari, dala 1.75, muka sauka Union Station, muka tsallaka zuwa titin Olvera, wata 'yar kasuwa ta 'yan yawon buɗe ido mai huluna da tsarabar Meksiko. Ta wani ɗan gidan tarihi ake hawa sama, ba a biyan ko sisi, a tsaya a baranda a hango bangon. Da ƙyar na gane abin da ke jiki, ya koɗe kamar atamfar da ta shekara a rana. Wani mai zane ɗan Meksiko, David Alfaro Siqueiros, shi ya yi shi a 1932. An ɗauke shi ya zana ƙasashen Amurka masu zafi, masu kuɗin suna sa ran ganin aku da ayaba. Ana gobe buɗewa ya kwana yana aiki, gari ya waye da wani ɗan asalin ƙasar ɗaure a kan gicciye a tsakiyar bangon, mikiyar Amurka a samansa, a kusurwa kuma mutum biyu da bindiga sun saita mikiyar. Ba a jima ba aka shafe ɓangaren da ake hangowa daga titi da farin fenti, daga baya aka shafe sauran. Shekaru suka ja, rana da ruwa suka cinye farin, zanen ya fara leƙowa, sai a 2012 aka gama gyaransa da taimakon cibiyar Getty aka buɗe wa jama'a. Shi kansa Siqueiros ba mutumin da zan so maƙwabtaka da shi ba ne: sojan juyin juya hali, ɗan kwaminis, ya je yaƙin basasar Sifaniya, ya jagoranci harin da aka kai gidan Trotsky, jagoran juyin juya halin Rasha da ke gudun hijira a Meksiko, a 1940, ya yi zaman kurkuku daga 1960 zuwa 1964, ya rasu a 1974. Baba ya ce duk ya sani. Ya ce shi dai yana so in ga yadda ake yi wa fuskarsu a bangon garin nan a da.

Bikin da ya kawo ni an yi lafiya, na sa babbar riga na ɗora zanna bukar, Turawa suka yi ta neman hoto da ni. Da aka kira sunan yaron na tuna mahaifinsa, na sunkuyar da kai. Juma'a kuma a masallacin Umar bin Khaɗɗabi muka yi ta. A hanyar dawowa muka ratsa Skid Row, layi bayan layi na tantuna a gefen titi, mutane kwance ƙarƙashin dogayen benaye, wasu suna magana su kaɗai. Almajirinmu ko ba komai yana da zauren da zai koma da dare.

Ana saura kwana biyu in taho Baba ya saya mana tikitin wasa, ya ƙi karɓar kuɗina. Daga Union Station akwai bas kyauta ga mai tikiti. Muna hawa tudun ya yi shiru, sai da muka sauka a wani makeken filin ajiye motoci ya buga ƙafa a kwalta, ya ce a ƙarƙashin nan akwai unguwanni uku, Palo Verde da La Loma da Bishop, wurin da ake kira Chavez Ravine. Iyalai sama da 300 ne, yawancinsu 'yan asalin Meksiko, da awakinsu da kajinsu da makarantarsu. A 1950 hukuma ta aiko musu da takarda cewa za a gina gidaje masu sauƙin kuɗi, su tashi, su za a fara bai wa. Aka biya su abin da aka biya, sannan aka soke aikin a 1953, wai tsarin kwaminisanci ne. Filin ya ƙare a hannun mai ƙungiyar Dodgers da ta taso daga Brooklyn. A watan Mayun 1959 aka ciccibo waɗanda suka ƙi tashi, katafila ta bi ta kan gidajen a gaban kyamarar talabijin, a 1962 aka buɗe filin wasa mai cin mutum 56,000. Duk wanda ya taɓa ganin jan fenti a bangon shagonsa ba sai an fassara masa wannan labarin ba.

Ya ce mahaifinsa ba a nan yake zaune ba, amma ya yi rantsuwa ba zai taka wurin ba, kuma dubbai irinsa sun yi. Shekara kusan 20 ana haka. Da Fernando ya zo, tsohon ya fara da kasa kunne a rediyon Sifaniyanci yana yi kamar ba ya ji. Wata rana ya sa hularsa ya ce, "Tashi mu je mu ga yaron nan." Baba ya ce har suka dawo gida tsohon bai yi tafi ko sau ɗaya ba, bai sayi ko ruwa ba, ya ce shi yaron ya zo gani, ba masu fili ba.

Wasan kansa, gaskiya awa ɗaya na farko na sha gyangyaɗi. Mai jifa yana kan ɗan tudun ƙasa, mita 18 da ɗoriya daga mai riƙe da kulki, wani ya tsuguna a baya da safar hannu yana cafewa. Kuskure uku mai kulki ya fita, mutum uku suka fita a yi musaya, haka har zagaye tara. Sai da Baba ya ce in daina bin ƙwallo in kalli mai jifan da mai cafewa na fara ganewa: ciniki ne, wannan yana karantar wancan, ana nuna maka abu a ba ka wani. Ƙwallon tana gudun sama da kilomita 150 a awa, ƙarar faɗawarta a safa har can sama inda muke ana ji. Gyaɗa ƙunshi ɗaya dala 7, na ci ina jin kamar ana cire mini haƙori, ni ɗan garin dalar gyaɗa. Magariba ta yi, na samu lungu kusa da matakala na shimfiɗa rigar sanyi, Baba ya tsaya a bayana riƙe da takalmana yana kare ni daga masu wucewa.

Ko'ina ka duba lamba 34 ce, lambar Fernando, a bayan riguna, tsofaffi da jikoki, 'yan wasan ma an liƙa musu ita a riga. Na ce ashe dai sun riƙe shi da daraja. Baba ya taɓe baki. Ya ce sun yi aiki da hannun nan kamar jakin haya. A 1986 ya ci wasa 21, a wasa 20 shi ya yi jifa daga farko har ƙarshe ba a canje shi ba. Kafaɗar ta lalace a 1988. Ranar 29 ga Yunin 1990 ya yi wasan da ba wanda ya samu bugu ko ɗaya a kansa, amma watan Maris na 1991, ana dab da fara kaka, suka sallame shi. Ya yi ta yawo ƙungiya-ƙungiya har 1997, ya daɗe bai waiwayi filin ba, sai a 2003 ya dawo yana sharhin wasa a rediyo tare da Jaime Jarrín, mutumin da ya yi masa tafinta a 1981. Lambar tasa kuwa sai a Agustan 2023 aka jingine ta a hukumance don kada wani ɗan wasansu ya sake sa ta, saura wata 14 ya rasu. Kwana uku bayan rasuwarsa aka fara wasan ƙarshe da Yankees ɗin dai, Dodgers suka ci kofin, aka yi zagayen gari ranar 1 ga Nuwamba, ranar da zai cika 64.

A bas ɗin komawa na ce to yanzu ai an daina shafe ku da farin fenti. Ya ce haka ne, yanzu har magajin gari kan zo buɗe bango. Sai dai maƙwabtansa uku sun tashi cikin shekara biyu saboda kuɗin haya, makaɗan dandalin ma da yawa daga nesa suke zuwa yanzu. Ya ce in Allah ya sake kawo ni zan tarar da Fernando a wurinsa, shi ne dai bai sani ba.

Ranar tafiya ya ba ni ƙwallon besbol, fara mai jan ɗinki, ta ɗan yi dauɗa, ya ce ta jikansa ce da ya girma ya bar ta. Ni kuma na bar masa zanna bukar ɗina da sauran yajin. Dawowa ba wani labari, sai dai akwatina ya kwana biyu a hanya kafin ya iso Abuja.

Autana ɗan shekara tara na bai wa ƙwallon, na jera masa yatsu yadda aka jera mini. Shi da dama yake jifa. Kwana biyu ta yi a gidan, a na uku ta fasa madubin adaidaita sahun maƙwabcinmu, na biya naira 4,000, uwarsa ta ɗauke ta ta jefa cikin kwalla ta rufe. Zoɓon da na yi wa Baba alkawari, da citta da kanumfari a ƙulle daban, yana nan a shago ina jiran mai tafiya.